Ƙugiyar Baƙin Bijimi

In ka shigo Kankiya ta hanyar Katsina, kafin ka kai tasha, akwai wani ɗan shago tsakanin mai faci da mai cajin waya. Nan Bishir Mai Zane yake zama, ni ma nan nake zama in ba ni da wurin zuwa, wato kullum. Sunana Jafaru. Na yi sakandare har tsakiya, sai muka fahimci juna ni da ita, kowa ya kama gabanshi.

Bishir mutumin Mawashi ne, can ƙasar Kusada. Tun yana yaro in an tura shi gona sai a iske shi durƙushe yana zana mota a ƙasa da kara. Da babanshi ya gaji da duka, ya kawo shi Kankiya wurin wani mai rubutu a jikin manyan motoci. Ya yi shekaru da buroshi da fenti, yana zana zaki da dabino a bayan motocin da ke kwaso gero da gyaɗa daga Kunduru. Da sitika ta shigo, sana'ar ta mutu. Bai koma gona ba. Ya liƙe wa Sola, Bayeraben da ke da shagon hoto kusa da sakatariya, har ya iya kwamfuta, ya sai da ragunanshi ya sayi tsohuwar laftof mai huci kamar injin markaɗe.

Aikinshi yanzu tambari ne mai motsi. Direba zai ɗauki bidiyon motarshi an wanke ta tas, ya kawo. Bishir ya sa sunan motar ya ɓullo daga hayaƙin salansa, ya yi walƙiya, ya juya, ya zauna kan gilas. Direba ya ɗora a waya, fasinja su gani su kira. Duk cinikin Bishir daga tasha yake, kuma a tasha maganar Labaran ake ji.

Labaran tsohon direba ne, yana jan wata baƙar Golf tsakanin Kankiya da Katsina, ya sa mata suna Baƙin Bijimi. Mutum ne mai kyauta da saurin hushi, kuma Allah Ya yi mashi leɓe, masha Allahu. In ya sha shayi sai kofi ya ɓace. Ba a yi mashi maganar, ko ni ban taɓa ba, kuma ni ba abin da ban taɓa ba.

Ran da ya kawo aikin cewa ya yi, "Mai Zane, so nake sunan ya fito kamar ƙarfe. Kuma a sa bijimi yana huci."

Bishir ya zaɓo wani salon rubutu mai ƙyalli irin na bambar mota. Sai dai Turawan da suka yi shi ba su san ƙa mai ƙugiya ba. Duk sanda ya buga harafin sai wani ɗan akwati ya fito a wurin. Bishir ya ce, "Kai, bari in sa ka marar ƙugiya kawai. Rabin motocin garin nan ba ƙugiya, kowa ya san abin da ake nufi." Ya ƙara kan bijimi a gefe, yana buɗe baki hayaƙi na fita. Aiki ya yi kyau, wallahi ya yi kyau.

Washegari Labaran ya shiga rumfar Iyatu mai shinkafa da wake yana nuna wa direbobi. Iyatu ta yi karatun yaƙi da jahilci, kuma ita abin da aka rubuta take karantawa, ba abin da ake nufi ba. Ta leƙa wayar da ludayi a hannu.

"Ba-kin Bi-ji-mi. To! Ashe kai da kanka ka sani, Labaran?"

Sai bijimin bidiyon ya wage baki ya hura hayaƙi. Wani ya fesar da ruwan da ke bakinshi, shi ke nan aka kece. Kafin azahar 'yan kamasho na kiran lodi, "Katsina mutum ɗaya, motar Bakin Bijimi!"

Ina shagon Labaran ya faɗo kamar hadari.

"Bishir! Ni za ka mayar abin dariya da furfurata? Wallahi in wani direba ya sake tako ƙofar nan, ba ni ne Labaran ba!"

Na ce, "Baba Labaran, ai ba laifinshi ba ne, Turawa ne ba su da..."

"Kai rufe mani baki, ɗan zaman banza!"

"Ni dai nawa yana rufuwa," na faɗa can ƙasa-ƙasa, na matsa kusa da ƙofa.

Bishir bai yi musu ba. Ya ce, "Yaya Labaran, na yi kuskure. Zauna ka gani, in bai yi ba ka hana su zuwa."

Ya jawo takarda ya zana ƙugiya ɗaya da biro, lanƙwasa mai ƙiba daga gindi, siririya a baki. Ya ɗauke ta hoto, ya shigar da ita kwamfuta, ya shafa mata ƙyallin sauran haruffan. Ya goge bakin bijimin gaba ɗaya, ya bar goshi da ƙahoni. Laftof na ta huci, Labaran ma na ta huci, ni ina fifita laftof ɗin da kwali.

Da aka kunna, sunan ya fito kamar da, ba ƙugiya. Labaran ya yunƙura zai tashi. Sai bijimin ya sunkuyo ya girgiza kai, ƙaho ɗaya ya fizge, ya yi juyi a iska, ya sauka kan harafin daram, da ƙara irin ta rufe but ɗin mota. Baƙin Bijimi.

Labaran ya koma ya zauna. Ya ce, "Maimaita." Aka maimaita. Ya ce, "Ƙara." Can ya shafa gemu.

"Ka ƙara wa ƙahon girma. Yadda Iyatu za ta gan shi daga rumfa."

Da la'asar ya dawo da direbobi cike da Golf ɗin, kowa da wayarshi. Wani da sunan motarshi Ɗan Kusada ya ce shi ma dole a sa mashi ƙaho. Bishir ya ce ai shi ba bijimi gare shi ba, sai dai a yi ƙugiyar da sanda. Wani da ba ko harafi ɗaya mai ƙugiya a sunan motarshi ya tsaya yana tunanin canja mata suna.

'Yan kamasho dai ba su daina kiran Bakin Bijimi ba, amma sai in Labaran ya ba da baya. Bishir kuwa ya aike ni in sawo mashi sabon biro, ya ce in na tsaya surutu a tasha kar in dawo.