Bayan Kada Ya Fi Gabansa Lafiya

Ni dai tun ina yarinya ba a taɓa cewa "kowa ya yarda" na yi shiru ba. Haka Allah ya yi ni, kuma a gidanmu na Gaya Kaka Dije ce kaɗai ba ta ɗauki abin a matsayin cuta ba. Uwar babanmu ce, ƴar Tanda, gajeruwa, kullum da goro a kunci. In ranta ya ɓaci sai Hausa ta gudu ta bar ta da Dandanci, yaren garinsu, mu kuwa mu kama kanmu.

Da ɗari ya shigo, an gama yankan shinkafa a bakin gulbi, sai ta hura wuta a ƙofar ɗakinta da busassun ƙwallon giginya, ta binne dankali a toka, mu jikokinta mu kewaye ta bayan isha'i. Daga nesa kana jin manyan motoci suna nishin hawa gada za su Malanbil. Bakin wutar nan shi ne duniyata. Wanda aka kora daga wurin, ɗakin uwarsa zai tafi ya kwanta yana jiyo dariyar ƴan'uwa ta bayan zana. Wallahi na fi tsoron wannan da bulala.

A shekarar da kalmar demokaradiyya ta cika rediyo, yaya Isuhu ne ya shigo mana da ita gida. Ɗan baffana ne, shi ne babba a cikinmu, yana ajin ƙarshe na lakkwal, wato makarantar boko, kansa ya riga ya fi hularsa girma. Ya ce mushe, wato malaminsu, ya ce daga yau ba a yin komai sai da zaɓe, har tatsuniya. A da Kaka ce ke ɗauko wadda ta ga dama.

"To, maigidana," in ji Kaka, don haka take tsokanarsa, "yaya ake yin abin nan naku?"

Isuhu ya gyara murya ya ce abin da masu yawa suke so shi ake yi, kuma sunansa majorite.

"Af! Ashe tsohon tuwo ne aka ɗumama. Ai haka na ga ana yi wa maigari a ƙauye. A tsayar da masu so, kowane magidanci ya bi bayan nasa, a duba layin da ya fi tsawo."

Ta tashi ta kafa muciya nan, ta jingine tsintsiya can. Mai son labarin kura da ta shiga jirgin masunta ya tsaya bayan muciya. Mai son labarin matar da ta iya maganar kifi ya tsaya bayan tsintsiya.

Abin da Kaka ba ta lissafa da shi ba, uwar Isuhu muruci take sayarwa a tasha, kuma ragowar yamma a aljihunsa take ƙarewa. Wanda ya bi muciya ya samu muruci, wanda ya yi waige ya samu ranƙwashi. Sai ga shi kullum kura, kullum kura, har na haddace daidai inda za ta yi tusa jirgin ya kife. Ni kaɗai nake tsayawa bayan tsintsiya. Da farko don ina son labarin ne, daga baya kuwa taurin kai ne tsantsa. Kuma ban tsaya shiru ba. Kullum sai na ce zaɓen muruci ne, na ce da ƙarfi yadda maƙwabta za su ji.

Ran nan Kaka ta daɗe a kan dardumarta tana jan casbi. Isuhu ya ga fili, ya miƙe ya ce akwai zaɓe na gaggawa. Ramatu tana ɓata wa majorite rai, don haka mai son a kore ta daga bakin wuta har ƙarshen ɗari ya tsaya bayan muciya. Kafin in rufe baki layi ya yi. Har ƙanena Bello, wanda na goya har bayana ya yi kanta, yana ciki, kumatunsa cike da muruci, ya ƙi haɗa ido da ni. Wannan kam ya yi mini ciwo. Na ja zanena na rufe kai, na kama hanya hawaye na zuba.

"Ke mai kan dutse, ina za ki?"

Kaka ce ta fito. Isuhu ya yi mata bayani da Faransanci da Hausa, ya nuna mata layi, ya ce ita kanta ta yarda da doka. Ta duba layin, ta dube ni, ta tofar da goro.

"Gaskiyarka, layi ya yi tsawo. Amma ko ɓarawo akan bari ya ci tuwonsa. Zauna, Ramatu, a kore ki da dankali a ciki. Yau kuma mai bakin ce za ta zaɓa, tunda bakin nawa ne."

Na zauna a gefe a ɗarare, don ban ji ta soke hukuncin ba.

Kaka ta buɗe tatsuniya, ta ce, "Ga ta nan ta taso daga gulbi, ƙafarta jiƙe."

Muka ce, "Ta matso ta ji ɗumi."

Wai tsuntsaye ne suka gaji da rigimar sarauta, suka ji labarin cewa ƴan ruwa su ne suke zaɓen shugabansu da kansu. Sai suka aiki Shamuwa, tunda ita ce mai yawon duniya, ta auno musu gurbin da jama'a suka fi mulkin kansu, su koya.

Shamuwa ta fara sauka a gurbin Dorina, ta tarar ana zaɓe. Kai, ba kyan gani! Layi biyu, kowanne a karkace. Kwaɗi na ihu, tarwaɗa na zagin gargaza, wata tsohuwar gargaza ma ta tsaya a gaban Dorina tana ce mata mai ƙaton baki, ta cinye ciyawar bakin gaɓa ita kaɗai. Dorina ta ci zaɓen da ƙyar, tana huci. Shamuwa ta toshe kunne ta ce nan kam ba ƙasa ba ce, kasuwa ce.

Ta wuce gurbin Kada. Tsit! Layi ɗaya tal, miƙe sambal, kowane kifi a bayan Kada. A gabansa kuwa ko ɗan tsako babu. Shamuwa ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana tambaya ko an tilasta musu, Kada na gefenta yana rakiya saboda girmama baƙuwa. Kowa ya ce a'a, don Allah yake son Kada. Shamuwa ta ce ma sha Allah, ba ta taɓa ganin kan jama'a a haɗe haka ba.

A nan Kaka ta sunkuyo, ta rage murya. "Ita dai ba ta san abin da ko jaririn kifi ya sani ba. Bayan kada ya fi gabansa lafiya."

Muka fashe da dariya, har Isuhu. Bello sai da muruci ya shaƙe shi.

Shamuwa ta kai wa tsuntsaye labari, gurbin Kada ne na ɗaya. Da damina ta zagayo ta sake biyowa. A gurbin Dorina hayaniya na nan, tsohuwar gargaza ta ƙara ƙiba, zaginta ya ƙara kaifi. A gurbin Kada layi na nan sambal, sai dai ya ɗan gajarce. Wata daminar ya ƙara gajarcewa. Abin ya tsaya mata a rai, ta ce, "Ranka ya daɗe, wancan karon akwai wani kurungu da ya ce ruwan nan ya yi ɗan sanyi. Ina yake?"

Kada ya ce ya yi tafiya. Sai gyatsa ta ƙwace masa.

Yadda Kaka ta yi gyatsar nan, da kafaɗa da ido da komai, har yau in na tuna sai na dara ni kaɗai.

Kada ya share baki ya ce, "Ke fa, baƙuwa, na ji kina yawan tambaya. A wane layi kike?" Shamuwa ta duba, ashe a gabansa take tsaye. Ta tashi fir, ta bar masa gashin jela. Shi ya sa har gobe ba ta yin sheƙa a bakin gurbi, sai a kan bishiya cikin gari, inda ake hayaniya.

"Ƙurunƙus kan tarwaɗa. Wanda bai gane ba ya je ya tambayi Kada."

Ta tono dankali ta ɓare, ta dubi Isuhu. "To, maigidana, ka ƙoshi, ko a ƙaro maka Bello?"

Isuhu ba ya faɗuwa da wuri. Ya ce shi bai ci kowa ba, ƙuri'a aka yi, kuma doka doka ce. Kaka ta ce ai kuwa haka ne, ita ma tana da zaɓe na gaggawa. Mai son daga gobe Isuhu shi kaɗai ya riƙa tsinto ƙwallon giginyar wuta, ya kuma kwashe toka da safe har ƙarshen ɗari, ya tsaya bayan muciya. Muruci ya riga ya ƙare a aljihu, ranƙwashi kuwa kowa na da nasa ajiye a ƙeya. Yara suka ruga har suna ture juna.

"Ba haka ake demokaradiyya ba!" in ji Isuhu.

"Ashe? Ka duba layi."

Ya je ya tsaya bayan tsintsiya shi kaɗai, ƙato da shi, yana ƙifta ido. Ni kuwa na dubi dogon layin nan, na ji ƙafata ta ƙi. Ba tausayinsa na ji ba, Allah ya sani, so nake ya kwashi toka har ya yi fari. Amma ban saba bin dogon layi ba, kuma ban ga dalilin farawa a ranar ba. Na je na tsaya bayansa ina harararsa.

Kaka ta yi dariya har da tari. Da ta lafa ta ce, "Ku saurara. Layi ya zaɓi tatsuniya, na yarda. Amma layi ba ya zaɓen wanda zai ji ɗumi. Wanda aka kayar ya zauna ya ci dankalinsa, gobe ya sake tsayawa." Ba a kore ni ba, Isuhu bai kwashi toka ba, kura kuma ta ci gaba da tusarta har bazara. Sau ɗaya tak matar mai maganar kifi ta ci zaɓe, ranar da uwar Isuhu ta sayar da murucinta kaf.

Kaka ta daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙanta. Ni ma yanzu ina da jikoki. Ɗana da ya yi karatu a Yamai ya taɓa nuna mini a salularsa cewa akwai masu auna ƙasashen duniya, su ba kowace maki kamar ƴan lakkwal, wannan ta fi waccan demokaradiyya. Ya ce suna duba zaɓe, su duba kotu, su duba ko ƴan jarida na magana. Na ce aiki ne mai kyau, Allah ya taimake su. Na tambaye shi ko suna komowa baɗi su nemi kurungun da ya ce ruwa ya yi sanyi. Ya dube ni, ya ce in riƙa hutawa da rana.

Bara kuwa sai ga Shamuwa har unguwarmu. Ina cikin wata ƙungiyar mata masu noman shinkafa, kuma rabon ruwa da rabon fegi duk a hannun shugabarmu suke. Wani proje, wato shirin tallafi, da ke taimakonmu ya aiko wata yarinya, mai ladabi, ta auna ko ana tafiyar da ƙungiya da yardar kowa. Ina aka yi zaman? A tsakar gidan shugaba, a kan tabarmarta, ita da kanta tana zuba mana zoɓo mai ƙanƙara. Yarinyar ta bi mu ɗaya bayan ɗaya. Kina iya faɗin ra'ayinki ba tsoro? Kowa ta ce ƙwarai kuwa. Maƙwabciyata, wadda shinkafarta ta ƙone saboda ruwa ba ya isa ƙarshen kwata sai gonar Hajiya shugaba ta ƙoshi, ita ta fi kowa ɗaga murya. Ban ga laifinta ba, ƴaƴa gare ta, kuma fegin nan shi ne tukunyarta.

Nawa fegin ma shi ne tukunyata. Da aka zo kaina, ga Hajiya tsaye da buta tana yi mini murmushi. Na shanye zoɓona tukuna, don kada a yi asara biyu. Na ce rabon ruwa ba daidai yake ba, kuma kowa a nan ya sani.

Mata suka sunkuyar da kai. Yarinyar kuwa sai fuskarta ta washe, ta ce madalla, wannan ya nuna a ƙungiyar nan ana magana ba tsoro, za ta ba mu maki mai kyau.

Na kama hannunta na ce, "Ɗiyata, riƙe makinki tukuna. Ki dawo baɗi bayan an raba fegi, ki tambaya ko ina nan."