Zoben da Midhat Ya Ɗaura wa Sukkara

Idan kana so ka ɓata yininka a unguwar Imbaba ta ƙasar Masar, ka tsaya a rumfar Midhat mai gyaran waya ka ce masa, "Me ya fito sabo?" Shi ke nan, ka taro wa kanka. Zai ajiye wayar mutane a buɗe, hanjinta a waje, ya gyara zama. Agogon da ke ƙirga bugun zuciya, in ji shi, asarar kuɗi ne, wa ya ce zuciya na neman akawu? Waya mai naɗewa kuwa an yi ta ne don a wanke masu kuɗi, kafin shekara ta tsage a tsakiya. Amma batir, kai, batir! Duk wanda ya warware matsalar batir ya gama da duniya. Kai kuma kana tsaye, wayarka ba ta gyaru ba.

Ya doshi arba'in, da 'ya'ya mata biyu da kamfanoni barkatai, duk a cikin kansa. Akwai manhajar da za ta gaya maka gidan burodin da babu layi. Akwai kwandon sayayya mai inji, wanda zai sauko daga bene da kansa, har ranar da ya juye ƙwan maƙwabciya a kan rufin tasi. Mutanen unguwa suna kiransa Babban Injiniya don tsokana, shi kuwa ya amsa da fara'a. Matarsa Afaf, mai yi masa alkunya da sunan babbar 'yarsu, takan ce, "Abu Salma, Allah ya sa wannan karon ko kuɗin kwanon kushari a samu mu ci."

Abu ɗaya ne a rayuwarsa ba shi ya ƙirƙira ba: tattabaru. Akurkin katako mai dogayen ƙafafu da ke saman benensu, mahaifinsa ne ya kafa shi. Kullum la'asar Midhat zai hau, ya sake su, ya kaɗa tuta yana fito, su gauraya da na maƙwabta a sama, kowa na ƙoƙarin sauko da na wani. Wadda ta sauka a rufinka ta zama taka. Mai ita ba ya hawa benen abokin gaba ya ce a ba shi, abin kunya ne da za a yi ta yi masa gori har jikoki. In abin ya dame shi ƙwarai, washegari ya nemi sulhu a wurin shan shayi.

A cikinsu akwai Sukkara, fara mai wuyan toka. Ta tsufa, ta daina ƙwai, kuma ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka ci hatsi a tafin mahaifinsa. Ba ta taɓa sauka a rufin kowa ba. Amm Gabir, wato Baffa Gabir, tsohon da ke bayan layinsu, wanda ya yi gasa da mahaifin Midhat tun suna samari, ya yi shekaru yana haƙonta bai samu ba.

To, sai sabuwar dabara ta zo wa Midhat: zobe mai na'ura, bai fi ƙwayar wake ba, a ɗaura a ƙafar tattabara, wayarka ta nuna maka inda take. Ya ce masu tattabaru a Masar ba su ƙirguwa, kowa ya sayi goma an wuce wurin. Har a wurin shayi, a gaban jama'a, ya dubi tsohon ya ce, "Amm Gabir, zamanin tuta da fito ya wuce, ka ajiye sandarka ka huta." Aka yi dariya. Tsohon ya kurɓi shayinsa.

Maɗaurin zoben bai gama haɗuwa ba, ga shi Midhat ba shi da haƙuri ko na sisin kwabo. Sai ya ɗaure shi da zaren roba, ya bar wutsiyar zaren tana reto. Wa zai gwada a kai? Wadda ya tabbata za ta dawo mana. Wallahi duk lokacin da na tuna wannan sai raina ya ɓaci.

Da la'asar ya sake su. Ɗigon ja mai nuna inda Sukkara take ya riƙa yawo a taswirar wayar, Midhat na tsalle yana kiran Afaf ta zo ta gani. Da rana ta yi ƙasa ya kaɗa tuta, suka sauko. Ya duba, ya sake dubawa, babu Sukkara. Ɗigon ya tsaya cak a kan benen Amm Gabir.

Ya yi fito har leɓensa ya bushe, ya watsa hatsi, ya sake tashin sauran ko za su janyo ta. Shiru. Ya lura tsohon bai ma saki nasa ba ranar, sai ya ce a ransa, lalle kwanton ɓauna ya yi mini, ya rama.

Afaf ta hau ta same shi. "Ka san inda take, me kake jira? Ka je!"

"In je in ce me? Bayan abin da na faɗa masa a gaban mutane?"

"Ka ce ka tuba. Baki ne ya yanka, baki zai ɗinke."

"Ke ba ki san harkar nan ba. Tana cikin kejinsa, ba abin da zai same ta. Kin ga, ko motsi ba ta yi. Gobe in nemi sulhu."

"Kai da na'urarka," ta ce, ta sauka tana tsaki.

Bai ci abinci ba. Sau biyu yana sa takalmi yana cirewa. Da gari ya waye ɗigon na nan inda yake, shi kuwa ya kasa jiran wurin shayi. Ya je ƙofar benen ya tsaya kamar mai roƙo, sai ga Amm Gabir ya sauko daga tasi da jaka a hannu.

Midhat ya kama hannunsa zai sumbata. "Amm Gabir, don Allah, don darajar mahaifina. Ka ɗauki duk wadda kake so, ka ɗauki akurkin gaba ɗaya. Ita kaɗai ka ba ni."

"Wace ce?"

"Sukkara. Tana samanka."

"Ɗana, ni a unguwar Shubra na kwana, 'yata ta haihu. Ban hau sama ba tun shekaranjiya." Tsohon ya dube shi da kyau, ya ajiye jakar. "Mu je."

Suka hau, tsohon na haki yana dafa bango. Kejin a rufe yake, babu baƙuwa a ciki. Midhat ne ya ɗaga kai. A can kusurwar rufin akwai tsohuwar eriya, zaren robar ya naɗe a ƙarfenta, Sukkara na rataye da ƙafa ɗaya, kai a ƙasa, fukafukai a sake. Gashinta ya zube birjik a ƙasa, alamar ta daɗe tana fafutuka.

Amm Gabir ya taka bokiti, ya yanke zaren da wuƙarsa, ya sauko da ita a tafin hannunsa. Ya shafa wuyan tokar. Hawaye ya zubo masa.

"Shekara da shekaru ina son tsuntsuwar nan," ya ce, "amma ba haka ba. Ba ta sauka ba, ka ji? Ko yanzu ba ta sauka a rufina ba." Ya sa yatsa ƙarƙashin fiffikenta. "Da sauran ɗumi a jikinta, ba ta daɗe da mutuwa ba. Tun yaushe ka san tana nan?"

 

"Tun jiya kafin magariba," in ji Midhat.

Amm Gabir ya miƙa masa ita, ya juya ya tafi zuba wa tattabarunsa ruwa.