Kalmasar da Na Yanke

Daga Gummi aka kawo ni aure Bukkuyum, na tarar da uwar mijina, wadda kowa a gidan ke kira Inna, tana ɗinka wa yaran gidan tufafi da allura da zare. Ɗinkinta ba ya kwancewa, amma duk rigar da ta fito daga hannunta sai ta yi wa yaro yawa. Takan bar kalmasa mai faɗin tafin hannu a ƙasan riga, ta ninke ta sau biyu, ta kuma ɓoye wani yadin a gefe da gefe. Idan yaro ya ƙara tsawo sai ta warware zaren ta saki kaɗan. Riga ɗaya kan yi shekara uku jikin mai ita kafin ta gangara ga ƙanne.

Ni kuwa na yi wata huɗu ina koyon keke wurin wata maƙwabciyarmu kafin aure, ina ganin babu wanda ya kai ni sanin ɗinki.

Shekarar da ɗiyata ta fari ta kai bakwai, babanta ya sayo mata atamfa mai ruwan ganye a kasuwar Anka don ƙaramar Sallah. Inna ta karɓa ta ɗinka. Da aka gwada, yarinya ta tsaya tsakar gida kamar an zura ta cikin buhu.

Na ce, "Inna, ba za a ɗan rage ba?"

Ta ce, "'Yar Gummi, ɗiya tsiro ta. Bar mata wurin girma."

Ana jibi Sallah Inna ta tafi barkar haihuwa. Na ɗauko almakashi, na warware kalmasar, na datse ta, na matse gefen rigar daidai jikin yarinya. Ta yi kyau ƙwarai, wannan ko yau ba na musu. Ƙyallayen da suka fita kuma na rasa inda zan kai su, sai na yayyage su na ɗaura wa kajina a fiffike, yadda muke yi don kada su ɓace cikin na maƙwabta.

Inna ta dawo da la'asar, kaji suka taryo ta a ƙofar gida, kowace da atamfa mai ruwan ganye. Ta daɗe tana kallonsu.

Ta ce, "Ikon Allah! Bana har kaji sun samu kayan Sallah. Zakaran nan wa ya auna shi?"

Matan gida suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Ni ma na yi, ina murna abin ya tsaya a wasa.

Shekara ta zagayo. Damina ba ta yi kyau ba, maigida ya ce bana kowa ya wanke na bara. Sauran yaran gidan, Inna ta saki kalmasarsu, rigunansu suka koma kamar sababbi. Ɗiyata kuwa ta yi tsawo kamar karan dawa. Rigar ta tsaya mata bisa gwiwa, hannu ya ƙi shiga sai da aka ja. Ta zauna bayan rumbu tana kuka, ta ce ba za ta fita yawon Sallah ba, ƙawayenta za su ce ta sa rigar ƙanwarta.

Na juya rigar ciki da waje, babu ko faɗin yatsa da zan saki. Na ɗauke ta na tafi ɗakin Inna, na durƙusa, na ajiye a gabanta.

Ta ce, "Mi kika kawo min? Je ki tambayi kajinki."

Ban ɗaga kai ba. Can sai na ji ta buɗe akwati. Ta fito da zanenta na fita unguwa, shuɗi mai duhu, wanda ba ta da kamarsa. Ta auna taƙi ɗaya da hannu daga gefensa ta keta.

"Karɓi. Ke za ki ɗinka, ina kallo. Kuma ki bar kalmasa."

Muka zauna a inuwar darbejiya. Na ƙara shuɗin a ƙasan rigar da bakin hannu, na tsaga gefe na sa wani. Sau biyu tana sa ni in warware, wai ɗinkina kamar tafiyar ɗan akuya. Ranar Sallah yarinya ta fita tana juyi, har mata biyu suka aiko tambayar wane tela ya yi wannan yayi.

Zanen Inna bai ƙara rufe mata idon sawu ba. Haka ta riƙa ɗaura shi zuwa suna da biki har ta bar duniya. Na yi mata godiya a ranar, amma ban taɓa buɗe baki na ce ta yafe mini ba. Girman kai ya hana, ina ta cewa sai gobe. Allah Ya jiƙanta, Ya yafe mana baki ɗaya.

Rigar kuwa, bayan ɗiyata, ƙannenta biyu sun sa ta.