Famfon da Ya Kusa Raba Ni da Hannuna

Assalamu alaikum. Masu tambayar ina na shiga tun bayan salla, ga ni. Jinya na yi.

Gidan da aka kawo ni a Nassarawa GRA tsohon gidan surukina ne. Kafin biki an yi fenti, an sa tayil, 'yan jere sun wuni suna gardama kan launin labule. Ba wanda ya ce a duba wayoyin cikin bango.

Famfon kicin ya fara tsikarina in na taɓa da jiƙaƙƙen hannu. Kullum sai in ce zan faɗa wa Mukhtar, mijina, sai in koma kan littafin labarin da nake karantawa in manta.

Ranar ina wanke shinkafa, hankalina na kan labarin da na bari a tsakiya. Ina kama famfo wuta ta riƙe ni. Iya Talatu mai taya ni girki ce ta doke hannuna da muciya. Allah Ya saka mata.

Sai asibiti: gwajin zuciya, ƙarin ruwa, wankin ƙuna kowace safiya. Kuɗin Umararmu a nan ya tafi.

Likita ya ce, "Zuciyarki lafiya. Yatsun nan uku ne ba zan yi miki alkawari ba."

Na yi kuka. Hannun dama ne.

Mukhtar ba ya kalamai irin na mazan littafi. Sai ga shi da littafina, yana karanta min da murya kamar mai labaran rediyo.

"Wai shi wannan Alhajin ba shi da aiki sai tsayuwa a taga?"

Daidai inda labari ya yi daɗi sai ya tsaya. "Juya shafin, ranki ya daɗe. Da na dama."

Na ji haushi, na juya. Haka muka yi ta yi har yatsuna suka fara lanƙwasuwa.

Mai gyaran wuta ya tarar wayar hita mai ɗumama ruwa ta ruɓe tana taɓa bututun ruwa. Ya ce a riƙa kiran ƙwararre ya duba gida kafin a tare, sannan kamar duk shekara biyar. In an ji tsikari ko ƙauri, a kashe wuta, a kira shi a ranar.

Amare, ku sa wannan cikin jere.

Na gode wa Allah, na gode wa masu addu'a. Wannan rubutun da hannun dama na yi shi. Mukhtar na gefe, wai in yi sauri, yana son ya ji ko Alhajin ya bar tagar.