Haɗiyau da Tsohon Turmin Iya

Ku matso, jikokina, ku kasa kunne, ga ta nan tafe gare ku.

Shekarar babban fari, zamanin soji, ina yarinya a ƙauyenmu kusa da Kanan-Bakashe. Rumbu ya ƙare, saura irin hatsi cikin 'yar jakar fata, wanda za a shuka in ruwa ya sauka. Babanmu ya ce gobe za a daka shi, ba ya iya jin kukanmu. Da gari ya waye, jaka ta ɓace.

Kwanakin nan ne kakarmu, Iya Tabawa, ta dawo daga Tasawa wajen karɓar dawar agaji. Can ta ga tele, wato talabijin, a dandali, mutane cikin jirgi suna yawo tsakanin taurari. Faransanci suke yi, ita ko kalma ba ta ji. Bayan magariba sai ta hau tsohon turminta da ya tsage, wanda ke kife bakin murhu, mu kuma mu kewaye ta.

"Kwamandan jirgin bai dame ni ba," in ji ta. "Kukunsu nake kallo, Tumbi, da abokinsa na ƙarfe, Haɗiyau. Ran da yunwa ta kama jirgin, Haɗiyau ya haɗiye kwanon iri ɗungurungum! Tumbi ya bi shi da ludayi, ƙwan! ƙwan! a kai, shi kuwa sai gyatsa!"

Ta kumbura kumatu, ta karkace wuya. Muka yi ta dariya har ƙanena Idi ya birkice ƙasa.

"Iya, ya amayar?" in ji Idi.

"Kai maigida, sai sun sauka tauraron da ake ruwa."

Babanmu ya ce, "Inna, ana neman abin kai wa baki, ke kina wasa da yara."

"Zauna, ɗan nan. Kai ne Tumbi."

Ran da ruwan farko ya jiƙa ƙasa, Iya ta miƙe ta ce, "Idi, ɗaga turmin nan." Ga jaka, ko ƙwaya ba ta ragu ba! Muka ɗauki ihu. Babanmu kuwa ya ɗauko sungumi.

Sai da na haihu na gane nauyin abin da ta zauna a kai, tana jin kukanmu tana ba mu dariya.

Babanmu ya tsufa a gonar nan. Idi ya zama direba a Maradi, har yau Haɗiyau ake kiransa, tunda shi ya fito da jakar irin. Iya ta rasu bayan kaka biyu, Allah ya jiƙanta, ba ta sake ganin tele ba. Ni kuwa ga ni, kuma tuwon da kuka ci ɗazu jikan irin nan ne.