Matattun da Suka Yi Tafiya a Jikin Ƙyalle

Shekarun baya can, tun ina da haƙorana duka, na ga wani abu da har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi. Ni ban yi karatun boko ba. Jikata ce ke rubutawa, ni ina faɗa. In kun ga magana ta yanke, kuka ne ya ci ƙarfina, ku yi mini uzuri.

Lokacin yaƙin Turawa ne. Muna zaune a Ƙofar Marke, ni da maigidana da mahaifiyarsa, wadda nake kira Inna. Maigidan nawa baduku ne, yana ɗinka jakunkuna da takalma. Aka zo neman soja, ya bi abokansa, daga baya muka ji an kai su ƙasar Habasha. Shi ne ɗan farin Inna, don haka tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai ta ce "wancan". Ko ranar da zai tafi ba ta dube shi ba. Ni ta kalla, yana tsaye a gabanta, ta ce, "Ki hwaɗa ma wancan ya riƙe salla."

Bai daɗe can ba mai unguwa ya yi sallama a ƙofar gida, tare da wani ɗan saƙo daga bariki. Suka ce Allah ya yi masa rasuwa a wurin yaƙi. Suka miƙo bargonsa. Babu gawa, babu kabarin da za a nuna mana. Aka yi addu'a, aka yi sadaka, na shiga takaba har na fita. Bayan nan wani mai sayar da hatsi, mutumin kirki da matarsa ta rasu, ya aiko neman aurena. Inna da kanta ta ce, "Ki amsa, ɗiyata. Ba ki zama ki tsuhwa da ni ba." Aka sa rana.

Ana saura 'yan kwanaki sai ga motar majigi ta shigo unguwarmu. Aka ɗaura wani babban farin ƙyalle a filin da ke bayan gidanmu. Mu mata ba ma fita, amma katangarmu ba ta da tsawo. Bayan magariba na kife turmi na hau, Inna kuma ta tsaya kan wani kututture tana cewa ita ba kallo ta zo yi ba, riƙe ni ta zo yi. Ta bayan ƙyallen muke, amma haske na ratsa shi, muna ganin komai.

Sai ga wasu sojoji farare, kowanne da hular ƙarfe kamar an kifa masa kwano. Suna tafiya suna ɗaga ƙafa a miƙe kamar ba su da gwiwa, sahu bayan sahu, fuskokinsu launin toka, babu mai ƙifta ido. Tafinta ya ɗaga murya cikin abin magana ya ce, "Ku duba da kyau! Waɗanga su ne sojan Jamus, abokan gaba. Waɗanda kuke gani duk an gama da su, sun mutu!"

Mutane suka dubi juna. Can wani tsoho ya ce da ƙarfi, "Sun mutu? To wa ke tahiya da su?"

Wuri ya rikice. Masu salati na yi, masu gudu na yi, wani mai goro ya yi tuntuɓe farantinsa ya watse. Inna ta damƙe zanina tana karanta duk abin da ya zo bakinta. Ni kuwa ƙafafuna suka ƙi sauka daga turmin. Ba jarumta ba ce, tsoro ne ya manna ni.

Aka nuna wuta da hayaƙi, wani daga cikin masu hular ƙarfen ya faɗi kusa da wata mota. Sannan tafinta ya ce, "Ga namu nan, 'ya'yan ƙasarga!" Sai ga baƙaƙen sojoji suna hawan wani tudu da kaya a ka. Ɗaya ya tsaya, ya juyo, ya share gumi da bayan hannu, ya yi dariya.

Maigidana ne. Na ga wushiryarsa. Na ga yadda yake karkatar da kai in zai yi dariya.

Ban san lokacin da na faɗo ba. Da na farfaɗo, Inna na yayyafa mini ruwa. Ta ce, "Kin gan shi?" Na ce na gan shi. Ta ce, "To wancan yana da rai. Ƙarya anka yi muna."

Daren nan ba mu runtsa ba. Ni abin da ke cina daban ne. In yana da rai, to ni matar aure ce, kuma na kusa shiga ɗakin wani da igiyarsa a kaina. In kuma ya mutu, to yana cikin waɗancan matattun ke nan, ana yawo da su gari gari, an hana su kwanciya. Ban san wanne ya fi muni ba.

Da safe Inna ta aika a gaya wa mai hatsi a dakata. Yayana ya je wurin malamin unguwa. Malam ya ce in dai mutumin yana raye aurensa na nan, amma shi bai taɓa jin an kafa shaida da ƙyalle ba. Yayana ya samu tafinta, tafinta ya yi dariya ya ce hoto ne kawai, tun tuni aka ɗauka. Inna ta ce, "Hoto na share gumi? Hoto na dariya? Ku dai kuna son a yi biki."

Aka ce za a sake nunawa da yamman nan kafin mota ta wuce gaba. Inna ta dama fura da kanta, ta sa nono mai yawa yadda ɗanta yake so, ta rufe ƙwaryar da faifai. Matar da ban taɓa ganin ta shiga taron maza ba ta ja mayafi ta ce, "Tashi mu tahi." Na ce, "Inna, cikin maza?" Ta ce, "Su kau da kai."

Muka ratsa mutane har gaban ƙyallen. Masu hular ƙarfe suka sake fitowa, sun fi jiya girma, kamar za su tako mu. Na rufe ido, na buɗe. Sai ga mutumin jiya ya faɗi kusa da motar nan, a wuri guda, da hannu guda a sama. Na ce a raina, wannan jiya ya mutu, yau ma ga shi ya sake mutuwa.

Sai ga tudun. Sai ga namu suna hawa. Tun yana ba mu baya Inna ta gane ɗanta. Ta ɗaga ƙwaryar sama, ta buɗe baki, ta kira sunansa. Sunansa na yanka, a gaban duk mazan unguwa. Ta kira, ta sake kira, muryarta na tsagewa. Maƙwabtanmu da suka san ta tun tana amarya suka sunkuyar da kai.

Bai waiwayo ba. Ya ci gaba da hawa. Sai da ya kai daidai inda ya tsaya jiya, sannan ya juyo, ya share gumi da bayan hannu, ya karkata kai, ya yi dariyar jiya. Ba ya ƙara komai, ba ya rage komai. Idonsa ya bi ta kanmu ya wuce.

Inna ta sauke ƙwaryar a hankali. Ta ce, ba da ƙarfi ba, "Da yana da rai, da ya amsa. Tun yana yaro yake jiran in kira shi." Ta miƙa wa wanda ke kusa da ita furar ta ce sadaka ce. Muka koma gida. A tsakar gida ta zauna ta yi kukan da ba ta yi ba ranar da aka kawo bargo. Da gari ya waye ta aika a ce wa mai hatsi rana na nan yadda aka sa.

Na yi auren. Na zauna da shi lafiya, na haifi 'ya'yana, shi ma na rufe shi. Inna a ɗakina ta rasu. Allah ya jiƙansu duka.

Kwanan baya 'ya'yan jikokina suka kunna wani fim a ɗaki, irin sojojin nan masu hular ƙarfe suna tasowa daga kabari suna bin mutane. Yaran na ihu suna dariya, suna cewa, "Kaka, rufe ido kar ki kasa barci!" Ban rufe ba. Waɗannan ai suna ganin mutum, har su bi shi. Nawa ya dubi inda nake, bai gan ni ba.

Har yau ban san inda aka binne mijina na fari ba. An ce irin hotunan nan ana ajiye su cikin gwangwani a ƙasar Turawa. In haka ne, yana can yana jira a kunna haske ya hau tudunsa. Da za a kawo mini shi yau, wallahi ba zan ji tsoro ba. Zan zauna a gaba, in ce su yi ta maimaitawa.