Sawun Dogara a Kwana

Dogara ɗan wani ƙauye ne a bayan Tafa. Yana da shekara goma sha bakwai ya zo Suleja, ya shiga ɗakin haya a Kwamba tare da leburori bakwai, yana ɗaukar kwanon siminti a gine-ginen Abuja. Ba wanda ya koya masa gudu. Kullum sai ya makara, motar leburori ta tashi, shi kuma ya bi ta da gudu har ya kama ƙarfen baya ya ɗare. A haka Koci Eugene, malamin wasanni na wata sakandare, ya gan shi, ya jawo shi filin da nake aiki.

Ni nake share filin, ni nake zuba farar ƙasa a kan layuka. Saboda haka da sawu na san 'yan gudu, ba da baki ba. Na ga masu kuri da yawa. Dogara bai iya magana mai tsawo ba, amma sawunsa kamar da igiya aka ja shi.

Mita ɗari huɗu yake gudu, wato zagaye ɗaya na fili mai lanƙwasa biyu da muke kira kwana, kowa da layinsa. Wanda ya taka layin ciki a kwana an cire shi, ko da shi ya zo na ɗaya. A kwanar nan Dogara yake cin mutane. Yakan manne wa layin, tsakaninsa da farar ƙasa bai fi yatsa biyu ba, kuma shekara huɗu ban taɓa ganin ƙusar takalminsa a kanta ba.

A farkon 1996 takarda ta zo, an kira shi Legas a watan Yuni, inda za a tace waɗanda za su wakilci ƙasa a waje. Ya ajiye kwano. Abin da ya rage masa a duniya ke nan.

Sai sanƙarau ya shigo da zafin bazara. Aka fara jin labarinsa daga Kano da Katsina, kafin a ankara ya shiga gidajen hayar Kwamba. Masu rigakafi suka kafa tebur a unguwar Wambai. Dogara ya ƙi zuwa, don wani ɗan tseren keke ya yi allurar, hannunsa ya kumbura, ya kwana huɗu da zazzaɓi.

"Kwana huɗu ba atisaye, Baba Jibrin? Bari in dawo daga Legas, su yi min goma."

Na ce, "Ciwon ya ce maka zai jira?"

Ya yi dariya yana ɗaure takalmi. "Sai ya kamo ni tukuna. Motar Abuja ma ba ta tsere min ba."

Mutum uku ciwon ya kama a ɗakinsu, har da Dogara. Biyu aka binne. Dogara ya kwana goma sha ɗaya a asibiti, wuyansa a sanƙare, ya tashi kunnen hagu a mace. Bayan mako biyar ya dawo fili, wando na zame masa.

Ƙarfin ya dawo a hankali. Koci yana tsaye a wurin gamawa da agogo a hannu, yana ihu da Hausarsa ta barikin soja: "Yaro na ya dawo! Malam Jibrin, ka gani ko ba ka gani?"

Na gani. Amma ba abin da yake gani ba. Da safe na ɗauki tsintsiya na zagaya kwanar nesa, wadda ba a hango ta sosai daga inda Koci yake tsayawa. Sawu uku na tarar a kan farar ƙasa. Kashegari biyar. Ƙafarsa tana zamewa ciki kamar ana jan sa, shi kuma bai sani ba. Daga baya na ji likita ya ce abin da ke riƙe mutum daidai a cikin kunne yake, ciwon ya cinye shi tare da jin.

Na share sawun na zuba sabuwar farar ƙasa. Na ce wa kaina jiki ne bai gama dawowa ba. Gaskiyar ita ce na ga yadda yake kallon agogon Koci, na kasa faɗa masa. Mako shida ina sharewa.

A Legas shi ya fara isa a rukuninsa. Koci ya ce har Dogara ya ɗaga hannu sama, sai ya ga jar tuta, an cire shi. Taku shida a kan layi. Dogara ya yi ta rantsuwa bai taka ba, har aka kama hannunsa aka nuna masa wurin.

Kwana biyu da dawowarsu ya zo fili da hantsi, silifa a ƙafarsa. Ya bi kwanar a hankali, kansa a ƙasa, sannan ya tsaya a gabana.

"Baba Jibrin, a nan ma ina takawa?"

"Kana takawa."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da ka dawo."

Koci da ke bayansa ya jefar da hularsa ƙasa. "Haba Malam! Da ka faɗa, da na mayar da shi mita ɗari. Ba kwana a mita ɗari! Ko ya ci ko bai ci ba, da ya yi gudu kamar mutum!"

Dogara bai zage ni ba. Cewa kawai ya yi, "Kai kaɗai ka sani, Baba," ya juya ya fita.

Bai sake sa takalmin ƙusa ba. Ya koma gini, amma da ya hau bene na biyu jiri ya ɗebe shi, aka sauko da shi. Yanzu bulo yake bugawa a wani fili a Kwamba, a ƙasa. Ya auri Ikilima, suna da 'ya guda. Ta wurin nake wucewa idan na tashi aiki. Wata rana in na yi sallama ya amsa, wata rana bai ɗago ba, kuma ban taɓa tambayarsa ko kunnen ne ba.